Wankan Jegona a Isa

Cikina na fari yana wata bakwai aka yanke shawara ba zan je gida haihuwa ba. A wajenmu, can kudancin Katsina, mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. Gaban uwarta take komawa, uwar ta yi mata wankan jego na kwana arba'in, ta koya mata riƙon jariri, sannan a mayar da ita. Amma a shekarar hanya ta lalace saboda 'yan bindiga. Motar da ta tashi daga Isa da safe ba wanda ke da tabbacin za ta kai inda ta nufa. Maigidana, wanda aikin koyarwa ya kawo mu garin, ya ce ba zai sa mace mai tsohon ciki a wannan hanya ba. Mama ta ce to ita za ta zo, sai yayyena suka taru suka hana ta. Na ajiye waya na zauna bakin gado na yi kuka mai isata. Tambaya ɗaya ce ke cin raina: wa zai yi mini wanka?

Cocinmu ɗan ƙarami ne, in an cika ranar Lahadi ba ma cika benci shida. Matan da ke ciki yawancinsu sa'o'ina ne, matan ma'aikata da 'yan kasuwa, kowace da nata goyon. Uwar zumuntar matan cocin ita kaɗai ce dattijuwa, ita kuma ciwon gwiwa ya sa ta gaba, da sanda take zuwa sujada. Ba wadda za ta iya tahowa daga wata unguwa safe da yamma har kwana arba'in ta tsaya mini a kan tukunyar ruwan zafi. Duk garin, mace ɗaya ce babba da ke kusa da ni, ɗakinta na kallon nawa. Ita kuwa ko a mafarki ban sa ta a lissafi ba.

Gidan haya muke, ɗakuna huɗu da tsakar gida, da bishiyar dogon yaro a tsakiya. Matar nan tsohuwa ce, gwaggon mai gidan hayar. Daga wani ƙauye can wajen Gatawa aka ɗauko ta bayan an tarwatsa garinsu, an kore awakinta, an cinna wa rumbunta wuta. Kowa a gidan Inna yake ce mata, ni ma na bi. Doguwa ce siririya, da tsagen Gobirawa a kumatunta, kuma tunda nake ban taɓa ganin mutumin da ba abin da ke burge shi kamarta ba. Ruwan Isa ba shi da daɗi. Geron Isa ƙaiƙayi ne. Ladanin unguwa ba shi da murya. In an yi ruwa ya yi yawa, in ba a yi ba duniya ta ƙare. Ni kuwa da nake kwana ina tashi a gaban idonta, ni ce abin karin kumallonta.

"Ina kwana, Inna?"

"Kwana dai an yi shi. Wa yas share tsakar gidan ga? Ke? Ai ko kaza ta hi ki iyawa."

Tuwona ruwa-ruwa ne. Shanyata ta tare mata rana. Tafiyata irin ta wadda ba ta taɓa ɗaukar tulu ba ce. Ranar da na yi sabon kitso ta dube ni sama da ƙasa ta ce Allah ya sa ba biya na yi ba. Abu ɗaya zan faɗa tsakani da Allah: ba ta taɓa taɓa addinina ba. Da ma shi ta zaga, da na san inda zan ajiye ta, in ce ƙiyayya ce, in ɗaure in samu ladata. To ba haka ba ne. Ni ɗin ce dai ba ta yi mata ba, daga ɗankwali har silifa.

Ni kuma ba haƙuri aka san ni da shi ba. A gidanmu ni ce wadda ake cewa bakinta ba ya ajiya. Watanmu na farko a gidan sau uku ina haɗa amsa a cikin kaina, amsa mai kyau wadda za ta kwantar da tsohuwa kwana biyu. Abin da ya hana ni Mama ce. Duk ranar Lahadi bayan sujada nake kiranta, in zazzage mata kwandon ƙorafi.

"Ki ji ni da kyau," in ji ta. "Almasihu bai jira mun gyaru ba kafin ya ƙaunace mu. Ke ma kada ki jira ta. Ba don ta canja za ki yi mata kirki ba, don kada ke ki canja ne. Ɗacin bakin mutum yana yaɗuwa, in kika biye mata shekara guda za ki ji muryarta tana fita daga bakinki. Kafin ki fito ɗaki da safe ki yi mata addu'a, sannan ki fita ki gaishe ta."

Na yi. Da farko addu'ar tawa ba ta wuce in ce Ubangiji ka ga dai abin da nake fama da shi. Daga baya na iya roƙa mata lafiya da kwanciyar rai ba tare da na cije haƙora ba. Na riƙa gaishe ta kowace safiya, ta amsa ko ta yi tsaki. Na riƙa zuba mata abinci duk ranar da na yi miya mai nama. Da Kirsimeti maigidana ya kira mahauci Musulmi ya yanka mana akuya don maƙwabta su ci hankali kwance, kwanonta na fara cikawa. Ta cinye, ta ce gishiri ya yi yawa. In na je kasuwa na riƙo mata sabulu, in na ga randarta ta yi ƙasa na sa a cika. Kuma na kiyaye ƙwarai kada in ɗora mata nauyin komai. Ko allura ban taɓa tambayarta ba. A raina ina cewa baiwar Allah da ta rasa komai, da me zan dame ta? Gaskiya har wani daɗi nake ji da kaina. Ina ganin na zama irin matar da ake ba da misali da ita a taron zumunta.

Haka muke har cikina ya shiga wata takwas. Wata ranar Asabar maigidana ya sa aka kawo itacen jego a kan amalanke, aka jibge a gindin katanga. Inna ta fito ta zagaya itacen, ta ɗauki guda ta shinshina, ta ƙwanƙwasa shi da ƙasa.

"Wanga icce ɗanye na. Hayaƙi za shi kashe ku." Sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Uwarki na tahe?"

"A'a, Inna. Hanya ba kyau."

"To wa za ya yi maki wankan?"

Na ce, "Allah zai kawo. In ma bai kawo ba zan lallaɓa in yi da kaina."

Ta juya itacen a hannunta. Ta ce, "Allah shi kawo." Ta jefar da shi ta shige ɗaki ta saki labule.

Kwana uku ba ta tanka mini ba. Na share tsakar gida, da gangan na bar ganye a ƙofarta, ba ta ce uffan ba. Abin mamaki, shirun ya fi faɗan damuna. Rana ta huɗu na yi dambu da zogale, na cika kwano na kai mata. Tana zaune bakin ƙofa tana tsince wake a faifai. Ta sa bayan hannu ta turo kwanon gabana. Ba ta taɓa mayar mini da abinci ba sai ranar.

Nan fa haƙurin shekara guda ya tsinke. Ga nauyin ciki, ga zafin rana, ga kewar uwa. Na ji muryata ta tashi ba da izinina ba.

"Inna, don Allah me na yi miki? Shekara guda ina gaishe ki kina yi mini tsaki. Na dafa na kawo, na saya na kawo. Ko kallon banza ban taɓa yi miki ba. Me kike so in yi kuma?"

Ta ajiye faifan a hankali. Na zaci za ta yi ihu, sai ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kin dahwa kin kawo, kin saya kin kawo. Gaskiya ta. Ni mai bara ta? Shekara guda kina gidan ga, ko gishiri ba ki taɓa biɗa wurina ba. Rannan rariyarki ta yage, kinka wuce ƙohwata kinka tahi maƙwabta aro. Ina kallonki, ga tawa rataye. Can garinmu ba a kwana ba a tashi wata ba ta sallama mani ba, a ba ni daddawa, a ba ni wuta, zo ki duba mani yaron ga. Ban san iyakar matan da niw wanke ba. An ƙone mani rumbu, an kore mani awaki, amma hannuwana da su nih hito." Ta ɗago su ta nuna mini, busassu, duk jijiya. "Ina zaune gabanki kina ce mani Allah za shi kawo."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Na ɗauki kwanona. Na koma ɗaki, kunya da haushi suna kokawa a ƙirjina, na kira Mama duk da ba Lahadi ba ce. Na zata za ta taya ni jin zafi. Dariya ta yi har da tari.

"Tsohuwar nan ta karanta ki tsaf. Tun kina ƙarama haka kike, gara ki faɗi da tulu da a kama miki. Kin iya bayarwa, ba ki iya karɓa ba, kuma kina ɗauka tawali'u ne. Ba kya tuna Ubangijinmu da kansa ya zauna bakin rijiya ya roƙi mace ruwan sha? Shi da ya yi ruwan. Tashi ki je ki roƙe ta."

"Mama, kwana arba'in fa. Tsirara a gaban bakin nan."

"Bakin ne zai yi miki wankan ko hannun?"

Ban je ranar ba, ban je washegari ba. Ina zaune ina saƙawa ina kwancewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane duk alherin da na yi mata daga sama nake miƙo shi, ni ce mai hali, ita ce abin tausayi. Na yi mata addu'a shekara guda amma ban taɓa kallonta a matsayin wadda Allah zai iya taimakona ta hannunta ba. Rana ta uku da hantsi na ɗaura ɗankwali na fita. Da na isa ƙofarta sai ƙarfin halina ya gudu, na ji bakina ya ce, "Inna, ko kina da 'yar daddawa?"

"Kina da ita. Jiya na ji ƙamshinta cikin miyarki, har ta yi yawa. Hwaɗi abin da yak kawo ki."

Na dafa bango na durƙusa, da ƙyar, ciki ya tokare ni. Na ce, "Inna, ba ni da kowa a garin nan. Ban san yadda ake yi ba, kuma tsoro nake ji. Ki yi mini wankan jego."

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Ta dubi itacen da ke gindin katanga.

"Iccen ga ba shi isa," in ji ta. "Ki gaya ma mijinki shi ƙaro, busasshe. Kuma tashi daga ƙasa kar ki haihu a ƙohwata."

Na haihu wata ranar Talata da azahar a asibiti, 'ya mace. Muna dawowa gida na tarar da babbar tukunya a kan murhu tana tafasa, ga damin ganyen dogon yaro an yanko an ɗaure. Daga ranar rayuwata ta koma hannunta. Tana idar da sallar asuba zan ji ƙarar itace tana karyawa. Kafin rana ta fito sosai ta ƙwala mini kira. Mu shiga makewayi, in zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ta tsoma ganyen a ruwan zafi ta fyaɗa mini a baya. Ranar farko na yi ƙara har maigidana ya fito da gudu, ta kore shi da ganyen.

Kada wani ya ɗauka bakinta ya canja. Ko kaɗan. Raguwa ce ni, matan yanzu ba su da ƙashi. Riƙon jaririyata riƙon kabewa ne. Nonona ma sai da ta yi masa faɗa don ya yi jinkirin zuwa. Da ma'aikaciyar asibiti ta ce a rage kanwa a kunu kuma kada zafin ruwan ya wuce kima don lafiyar zuciya, Inna ta yi kwana biyu tana mita a kan 'yan boko da ba su san komai ba. Amma na lura ta rage kanwar, kuma kafin ganye ya taɓa jikina sai ta fara gwada shi a cikin hannunta.

Hannun nan shi ne abin da ba zan manta ba. Tana zagina tana gasa mini ciki a hankali, tana bin duk inda ke ciwo kamar a jikinta yake. In ta gama ta naɗe ni da zane ta riƙo ni har ɗaki, ta sa mini kwanon kunu a baki ta tsaya sai na shanye. Sannan ta ɗauki jaririyar ta ɗora a kan ƙafafunta ta yi mata wanka, ta gasa mata cibiya, ta miƙar mata da gaɓoɓi. Ita kaɗai ce a duniya Inna ba ta samu aibunta ba. Wani lokaci in ta ɗauka barci nake, sai in ji tana yi mata wata 'yar waƙa ta garinsu da siririyar murya.

Ranar da matan zumunta suka zo barka, Inna ce ta shimfiɗa musu tabarmi a inuwar dogon yaro. Da suka fara waƙar yabo ta ja gefe ta zauna da jaririyar a cinya. Da suka sunkuyar da kai don addu'a ta yi shiru har suka ce amin. Bayan sun tafi ta ce mini mai jan baƙin ba ta da murya, kuma sun bar mata ɓawon gyaɗa a tsakar gida. Na yi dariya har ɗinkin da aka yi mini a asibiti ya motsa. Wannan ce rana ta farko da mitarta ta ba ni dariya maimakon ciwon kai, kuma na ga gefen bakinta ya ɗan motsa.

A cikin kwanakin nan na daina jira ta yaba mini. Na fahimci mace ce da aka raba da duk abin da ta sani rana ɗaya, ba abin da ya rage mata da za ta yi iko da shi sai ra'ayinta a kan tuwon mutane. Na kuma daina yi mata addu'ar nan ta mai haƙuri da masifaffe. In na durƙusa da safe godiya nake yi saboda ita. Ina sonta, haka kawai, da tsakinta da komai.

Ranar da na cika arba'in Mama ta kira da yamma ta ce in ba ta Inna. Na sa wayar a lasifika na miƙa mata. Ta riƙe ta nesa da fuska da hannu biyu. Mama ta fara godiya, tana cewa ba ta da bakin da za ta gode, Ubangiji ya saka, ya kiyaye zuriya. Inna ta katse ta da ƙarfi, irin na wanda bai yarda waya na kai magana ba.

"Ke ce uwarta? Ba ki koya mata shara ba."

Mama ta yi dariya cikin kuka ta ce laifinta ne. Da Inna ta sake magana muryarta ta sauka.

"Bar godiya, 'yar'uwa. Ni ma ina da ɗiya. Da anka watse, ita da mijinta sunka yi Maraɗi, ni anka kawo ni nan. Can ta haihu, na hwari, bara. Ban je ba. Wata ta wanke mani ita, ban san ko sunanta ba, ban san huskatta ba. Kullum ina roƙon Allah shi sa ta yi mata da hannu mai taushi." Ta gyara riƙon wayar. "Taki ɗiyar na wanke ta da kyau. Ki kwantar da ranki."

Ta miƙo mini wayar ta tashi ta shiga ɗaki. Na yi wa Mama sallama na kashe.

Washegari, kwana na arba'in da ɗaya, na farka da niyyar in ɗan ƙara barci tunda an gama. Sai na ji ƙarar karya itace. Na leƙa, ga Inna tsugune gaban murhu tana hura wuta, tukunya cike da ruwa, sabon ganye a gefe.

Na ce, "Inna, ai jiya aka cika arba'in."

Ba ta ko juyo ba. "Wa yat tambaye ki?"

Na koma ɗaki na kwantar da yarinyar kusa da babanta, na ɗauko zanen wanka na fito.